Layin dogon ƙaramin jirgina na lambu ya karkace: kankare zan zuba ko tsakuwa?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita don a gane inda matsalar take.

A shekarar 2021 na shimfiɗa ɗan layin dogo a bayan gidana, nan kusa da Leeds a Ingila. Ƙananan jiragen ƙasan nan ne na lambu, masu tafiya a kan dogo mai faɗin milimita 45. Zagaye ɗaya ne, tsawonsa mita 22: ya bi gindin katanga, ya kewaye bishiyar tuffa, ya dawo ta gaban ɗakin ajiya. Lokacin ɗoki ya cika ni, ban tsaya tambayar kowa ba. Na sayo katako na kwantar a ƙasa kai tsaye, na ɗora dogon a kai, na bi shi da kusa mai zare duk bayan taku ɗaya na ɗaure tam. Ranar da jirgin ya fara zagayawa, Hanifa ta bi shi da gudu har magariba.

Hunturun farko ƙasa ta daskare, ta ɗaga katakon a wuri uku. Ƙasar gidan laka ce, mai riƙe ruwa. Da sanyi ya wuce wani wurin ya koma, wani bai koma ba. Sai kuma zafin Yulin 2022, wanda ya haura digiri 40 a ƙasar nan. Na fito da la'asar na tarar da miƙaƙƙen sashen da ke gindin katanga ya lanƙwashe kamar sawun maciji a kan yashi. Tun daga nan faci nake yi, yau nan gobe can. Yanzu na yanke shawarar tone komai in sake. Shin kankare zan zuba in huta, ko rami zan haƙa in cika da tsakuwa in bar dogon a kwance a kai?

Tsohon Ɗan Reluwe:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tun ban kai ƙarshen bayaninka ba na san abin da ya same ka. Ƙarfe ka ɗaure, shi kuwa ƙarfe numfashi yake yi. Da rana ya miƙe, da dare ya tsuke. In ka hana shi miƙewa ta gaba, zai miƙe ta gefe, ba ya neman izininka.

Ni aikin gyaran hanya na yi a reluwe har na yi ritaya, galibi tsakanin Zariya da Gusau. Wannan ƙaƙas-ƙaƙas da kuke ji in jirgi na tafiya a tsohon layi, 'yar kafar da ake bari ce a mahaɗin dogo da dogo. Da gangan ake barinta. Da sassafe cikin hunturu za ka ga bakinta a buɗe, da azahar cikin bazara ta rufe ruf. Ramukan notin da ke mahaɗin ma an ɗan faɗaɗa su don ƙarfen ya samu wurin motsi. Kuma ba mu taɓa ɗaure hanya a jikin ƙasa ba. Dogo a jikin silifa yake ɗaure, wato matashin nan da ake jerawa a gicciye ƙarƙashinsa, silifa kuma a cikin tsakuwa take kwance. Tsakuwar ce ke riƙe da komai, ita ce kuma ke tsiyayar da ruwa.

Ƙaramin jirgi ne naka, amma rana ɗaya ce ke dukan su duka. Ka haƙa rami ka zuba dutse.

Injiniya Na-Jamus:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar miƙewa babu ja a cikinta, bari ma in sa mata lissafi. Baban Hanifa, in dogonka na tagulla ne kamar yawancin na wannan ma'aunin, kowace mita ɗaya tana ƙaruwa da kusan milimita 0.019 a duk digiri ɗaya. Kamar ba komai ba. To ka ɗauka a daren hunturu dogon ya sauka digiri 5 ƙasa da sifiri, a rana irin ta Yulin nan kuma ya kai 55, don ƙarfen da ke cikin rana yakan fi iska zafi da digiri 20 ko kusa da haka. Tazarar digiri 60 ke nan. Mita 22 sau 0.019 sau 60, ya ba ka milimita 25. Santimita biyu da rabi! Ina kake so su shiga, ka bi ko'ina da kusa? Tagulla ta fi ƙarfen babban dogo miƙewa nesa ba kusa ba, shi wajen 0.012 yake yi.

Amma a kan tsakuwa zan saɓa wa Baba, da neman afuwa. Babban layi yana da ma'aikata masu bin sa kullum da shebur. Kai kai kaɗai ne, kana da aikin ofis. Ni nan kusa da Nürnberg nake, garin da kamfanin Lehmann ya fito da jiragen LGB a 1968, su ne ma suka yaɗa wannan harka ta jirgin lambu. Kankare na zuba wa nawa, faɗin santimita 15, da rodi biyu a ciki. Shekara takwas ban gyara daidaitonsa ba. Maƙwabcina a ƙungiyarmu mai tsakuwa zalla, duk watan Afrilu yana durƙushe da cokalin magina yana cike wuraren da suka zaizaye.

Tsohon Ɗan Reluwe:
Injiniya, in tambaye ka. Me ke ƙarƙashin kankaren naka?

Injiniya Na-Jamus:
Fasasshen dutse ne, Baba, kaurin santimita 20, na daɓe shi sosai kafin in zuba.

Tsohon Ɗan Reluwe:
To ai ka dawo gidana. Dutsen ne ke yi maka aiki, kankaren hula ce ka ɗora masa. Da a kan laka ka zuba shi, da yanzu wani labarin kake ba mu.

Injiniya Na-Jamus:
Wannan gaskiya ne, na karɓa. Laka tana shan ruwa, ruwan ya daskare ya kumbura, ya ɗaga duk abin da ke kansa. A nan magina sai sun haƙa santimita 80 kafin su ce tushe ya wuce inda ƙanƙara ke kaiwa, ba kuwa mai haƙa wannan zurfin saboda jirgin lambu. Dutsen shi ke hana ruwa kwanciya a ƙarƙashi. Amma hular ma tana da amfaninta, Baba. Ba ta barin wani wuri ya lotsa shi kaɗai. Kuma ko a kan kankaren ban ɗaure dogon ba sai a wuri kaɗan, kusa da mararrabar da jirgi ke sauya layi. Sauran a sake yake, na zuba masa tsakuwa ƙanana a gefe.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai, Baba. Na gode, Injiniya. Ashe laifi biyu na yi a lokaci guda, na ɗaure sama kuma ban gyara ƙasa ba. Abin da ke sa ni jan ƙafa a kan kankare shi ne bishiyar tuffar nan. Saiwarta tana bi ta ƙarƙashin kwanar. In ta ɗaga kankare ya tsage, sai guduma. In tsakuwa ce, na ɗaga dogo, na yanke saiwa, na mayar. Sannan har yanzu ban gama sanin yadda nake son layin ya kasance ba, ina tunanin ƙara tasha ta biyu nan gaba.

Baba, wace irin tsakuwa? A shagon kayan lambu akwai wata mai kyau, mulmulalla, kamar ƙwayar gujiya.

Tsohon Ɗan Reluwe:
Kul! Kada ka taɓa ta. Tsakuwar rafi ke nan, ruwa ya goge mata kaifi. In ka taka ta sai ta gangara ta bar ka. Dutsen da aka fasa da inji kake so, mai kusurwa, wanda in an daɓe shi ɗaya ke cije ɗaya. Ka ɗebi cikin tafin hannu ka matse: in ya soke ka, shi ne. In ya yi maka daɗi a hannu, ka mayar musu da kayansu.

Ka nemi wanda ke haɗe da garinsa. A ƙasan ramin ka sa mai ɗan girma, a sama ƙanana, waɗanda ba su wuce ƙwayar dawa ba, don su yi daidai da ƙananan silifofinka. Kada ka zuba gaba ɗaya. Ka zuba kaɗan, ka yayyafa ruwa, ka daɓe, ka ƙara. Duk wanda ya ga yadda iyayenmu mata ke daɓen ɗaki da madaɓi ya san aikin nan. Ba ƙarfi ba ne, maimaici ne. In ka kwantar da dogon, ka zuba ƙananan a kai, ka bi da burushi su shiga tsakanin silifa, ka ɗan ɗaga dogon ka girgiza shi su zauna a ƙarƙashi. Kuma ka bar kafaɗa a gefe da gefe, kada tsakuwar ta ƙare daidai bakin silifa. Kafaɗar nan ita ke hana hanya zamewa a kwana. Mu a wurin aiki in zafi ya tsananta ba a yarda a taɓa ta ba, sai da sanyin safiya.

Abu Maryam:
Salamu alaikum. Ina bin maganar nan tun safe, kuma ban zo don in ɓata wa kowa rai ba. Amma wallahi akwai abin da ke damuna. Na duba farashin kan jirgi ɗaya na irin wannan, na juya shi zuwa naira, sai da na ajiye wayar. Magidanci da iyali, ga 'yan uwa a gida cikin halin da ake ciki, ya zuba wannan kuɗi a abin wasa? Ba na cewa haramun ne, ban isa ba. Tambaya nake yi, shin ba mu shiga almubazzaranci ba?

Maman Sadik:
Malam Abu Maryam, tambayarka tana kan hanya, amma ni uwa ce, bari in faɗi abin da nake gani. Yarana uku, in ban tashi tsaye ba daga makaranta sai waya har barci. Mu da muna yara 'yan uwanmu maza motar kara suke yi, da ta gwangwani, su yanka silifas ɗin roba su yi taya. Yanzu wa ke yi? Abin da ya shigo da ni wannan zaure ke nan. In akwai abin da zai fitar da yaro tsakar gida ya riƙe tef ya auna, ya haƙa, ya ga kuskurensa da idonsa, ni ban ɗauke shi wasa ba.

Baban Hanifa:
Malam, ban ji haushi ba ko kaɗan, kuma gaskiya ka faɗa, abin yana da tsada. Wanda zai ci bashi ko ya tauye haƙƙin wani saboda shi, bai kyauta ba. Ni kan jirgi ɗaya gare ni, na hannu na saya, dogon ma rabinsa na hannu ne. Taragun guda biyar da kaina na yi su da falanki, tayoyin kawai na saya.

Dalilina kuwa shi ne mahaifina, Allah ya jiƙansa. Duk ranar da ba makaranta yakan ɗauke ni a keke zuwa tashar Zariya mu tsaya kallon jirgin Legas. Shi ya nuna mini yadda ake juya layi da hannu. 'Ya'yana a nan aka haife su, ba su san shi ba. Taragun da na yi, na gyaɗa ne, har ƙananan buhuna uwarsu ta ɗinka muka cika da yashi. Hanifa ta tambaye ni me ya sa gyaɗa, daga nan muka shiga labarin dalar gyaɗa ta Kano, da yadda dogo ya iso Kano a 1911 ya canza noman ƙasar baki ɗaya. Da na zaunar da ita in ba ta wannan tarihin da baki, da ba ta tsaya ba.

Abu Maryam:
Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa aljanna ce makomarsa. Na fahimce ka. Har yanzu ina ganin a riƙa sa wa abin linzami, don na san halin sha'awa, yau kan jirgi ɗaya, gobe uku. Amma ban da abin cewa a kan naka.

Ɗan Jos:
Amin. Yaya Baban Hanifa, tunda ka ambaci Zariya, bari in kawo abin da na gano, ya hana ni barci kwana biyu.

Faɗin tsohon layin Najeriya ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1067. Ka raba da 45, faɗin dogonka, zai ba ka 23.7. To akwai ƙaramin layin nan da Turawa suka gina saboda kuza, daga Zariya ya hau tsaunin Jos ya kai Bukuru a 1914, wanda suka sa wa sunan Bauchi ko da yake bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, milimita 762. Akwai kuma ɗaya dogon lambun da Ingilishi ke so, mai milimita 32. Raba 762 da 32, ka samu 23.8. Kun gani? Kusan ma'auni ɗaya! Wato in mutum ya ƙanƙanta komai sau 24, zai iya yin tashar Zariya kamar yadda take kafin a rufe ƙaramin layin a 1957: babban layi a kan 45, na kuza a kan 32, gefe da gefe, mutane da gine-gine duk girmansu ɗaya.

Injiniya Na-Jamus:
Kai, Ɗan Jos, ka yi aiki! Na sake bugawa, haka yake. Su LGB sau 22.5 suka ƙanƙanta nasu, domin 45 ɗin yana wakiltar layin mita ɗaya ne, irin na tsaunukan Suwizalan. Ingilishi masu 32 kuma sau 19 suke yi, don su kwaikwayi ƙananan layukan ƙafa biyu na Wales. Wanda kuma ke son sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, mai faɗin 1435, a kan dogon 45 ɗin dai zai hau, amma sau 32 zai ƙanƙanta. Dogo ɗaya, ma'auni daban-daban. Shi ya sa sabon shiga ke sayen tarago daga nan, kan jirgi daga can, ya haɗa ya ga ɗaya ya yi wa ɗaya girma.

Tsohon Ɗan Reluwe:
Ƙaramin layin nan ban riske shi yana aiki ba, amma na yi aiki da dattawan da suka yi. In ka tashi yi, ɗana, ka neme ni, akwai abin da na riƙe daga bakinsu.

Maman Sadik:
To ni ku dawo da ni Kaduna. Ba mu da ƙanƙara, amma muna da ruwan Agusta. Tsakar gidana in aka yi ruwan awa ɗaya, rafi take zama kafin ta tsiyaye ta rariya. Wannan tsakuwa mai kamar ƙwayar dawa da Baba ke faɗa, ai a kwata zan tsince ta. Ga kaji, ga gara. Kuma maganar gaskiya ba zan iya sayo dogon tagulla daga waje ba.

Injiniya Na-Jamus:
Hajiya, a nan kam ko Baba ba zai hana ni siminti ba. Ki ɗaga layin daga ƙasa. Jeri biyu na bulo, a bar tazara a tsakani a cika da fasasshen dutse, bulon ya zama kamar bakin kwano yana tare tsakuwar. A jerin ƙasa a bar ƙananan kafofi duk bayan bulo biyu ko uku don ruwa ya fita. Kafin a fara komai, ki tsaya a ƙofa ranar da ake ruwa ki ga inda yake bi. Inda ya ratsa layin, nan za ki sa gada ko bututu. Kada ki tare masa hanya.

Dogo kuma ana iya yinsa a gida. Masu tagogin alminiyom suna da siririn ƙarfe shafaffe. A yanka ƙananan katakai, a tsaga kowanne wuri biyu da zarto, tsakanin cikin tsaga da cikin tsaga milimita 45 daidai, a tsayar da ƙarfen a kan gefensa a cusa. Masu wannan sha'awa da yawa sun yi haka. Sharaɗin shi ne a yi ma'auni guda na katako a riƙa tsaga duka da shi, kada a auna kowanne daban. Sai dai alminiyom ya fi tagulla miƙewa, wajen 0.023, kuma ba ya son a bi da wutar lantarkin da ke tafiyar da jirgi ta cikinsa a waje. Batir za ki sa a cikin jirgin.

Tsohon Ɗan Reluwe:
Ban hana ba, Injiniya, ruwan Kaduna ba abin wasa ba ne. Hajiya, maganar gara: dalilinta ne ya sa yawancin silifar tsohon layinmu ta ƙarfe ce. In katako za ki sa, ki nemi ƙirya wurin masu sassaƙa turmi, ko guntayen da suka rage musu sun ishe ki. Gara ba ta cika son ta ba. Kada kuma katakon ya taɓa ƙasa, a kan dutse zai kwanta. Kaji kuwa sai dai ki killace su, don in suka ga tsakuwa ƙanana tono za su yi.

Baban Hanifa:
Maganar batir ta taɓo ni. Ni ta dogo nake ba da wuta, taransifoma tana cikin ɗaki, bolt 18 zuwa 24 kawai ke fita waje, don haka ba hatsari ga yara. Amma tagulla tana dusashewa, kafin kowane wasa sai na bi mita 22 da abin gogewa a durƙushe. Kuma mahaɗan da ake turawa da hannu sun saki, jirgi ya kai bayan bishiya sai ya tsaya cik.

Injiniya Na-Jamus:
Nan akwai ɗan rikici, ka lura. Masu ba da wuta ta dogo suna son mahaɗi mai noti, wanda ke damƙe ƙarfe biyu ya hana wuta yankewa. Amma in ka damƙe ko'ina, ka toshe 'yar kafar da Baba ya yi bayani, duk zagayen ya zama ƙarfe guda. Hakan yana yiwuwa ne kawai in dogon a sake yake, domin sai kwanonin su ɗan buɗe waje da rana su dawo da dare, miƙewar ta tafi can. A dogon sashen gindin katangarka kuwa, ka bar mahaɗi ɗaya ko biyu masu zamewa, ka tsallaka su da 'yar waya mai laushi da aka liƙa da dalma. Kuma ka shimfiɗa dogon a rana mai matsakaicin zafi. In ka shimfiɗa cikin sanyi, ka bar kafa kamar kaurin katin banki. In cikin zafi ne, ka haɗa su baki da baki.

Wani abu, wace kwana kake da ita a wurin bishiyar?

Baban Hanifa:
Mafi ƙanƙanta, wadda ke zuwa a cikin kwalin da sabon shiga ke fara saya. Lanƙwasassun guntayen dogo guda 12 ke yin da'ira.

Injiniya Na-Jamus:
Santimita 60 ke nan daga tsakiya. Tunda tonewa za ka yi, ka faɗaɗa ta. In fili ya yarda ka ninka, ka koma mai kusan santimita 120, wadda guda 16 ke yin da'ira. Matsattsiyar kwana tana cin leɓen taya, tana wahalar da inji, dogon tarago kuma ba ya kyan gani a kanta. Kada kuma ka fito daga kwanar dama ka faɗa ta hagu kai tsaye, ka sa miƙaƙƙe a tsakani wanda ya kai tsawon taragonka mafi tsawo. Hawa kada ya wuce santimita 2 a kowace mita, a kwana ma ya gaza haka. In kana da niyyar sayen mai tururi wata rana, irin waɗanda Roundhouse ke ƙerawa a Doncaster nan kusa da kai, masu ƙona gas su tafasa ruwa da gaske, to ka yi layin a shimfiɗe ɗoɗar. Mai tururi yana nishi a hawa, ya kwasa da gudu a gangara.

Ɗan Jos:
Yaya ake gane daidaito a mita 22? Ma'aunin magina mai ɗan kumfa ai gajere ne.

Tsohon Ɗan Reluwe:
Tiyo mai haske, ka cika shi da ruwa, ka tabbata ba iska a ciki. Ka kafa turaku a bin layin duk bayan taku biyu. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a turken farko, kai ka zagaya da ɗayan, inda ruwa ya tsaya ka yi alama. Ruwa ba ya ƙarya. Shi mai kumfar, amfaninsa a gicciye ne, ka ɗora shi a kan ƙarfe biyu ka ga ko ɗaya ya fi ɗaya tsawo. A nan jirgi ya fi gocewa. Hawa da sauka a hankali ba ya kayar da jirgi, murɗewa ce ke kayar da shi, wato nan dama ta ɗaga, taku ɗaya gaba hagu ta ɗaga. In ka gama, ka kwanta ka sa kuncinka a kan dogo ka hango shi har ƙarshe. Abin da ido zai nuna maka a nan, ba ma'aunin da zai nuna.

Maman Sadik:
Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Saura shuke-shuke, nan kuma fagena ne. Lalle in ana aske shi yana zama ƙaramar bishiya mai ƙananan ganye. Tsamiya ma in aka bar ta a tukunya aka binne tukunyar, ana rage mata reshe, za ta yi kyau a bakin tasha. Abin da ba zan bari ya kusanci layin ba shi ne ƙiri-ƙiri, in ta shiga tsakuwa ba mai fitar da ita. Sadik kuma ya dage sai an yi kogon da jirgi zai shige.

Injiniya Na-Jamus:
A yi masa, amma gajere. Hannu daga wannan baki, hannu daga wancan, su iya haɗuwa a tsakiya, don a cikin kogo jirgi ke son gocewa.

Tsohon Ɗan Reluwe:
Kuma a yi masa marfi baki biyu a riƙa rufewa in an gama. Rami mai sanyi da duhu a tsakar gida, kunama da maciji na neman irinsa. Kada yaro ya zura hannu sai babba ya haska.

Baban Hanifa:
Jama'a, ga inda aka kwana bayan kwana tara. Na cire komai ranar Asabar ta farko. Katakon da na kwantar a 2021 ya ruɓe ta ƙasa, da hannu nake ɓare shi. Na haƙa rami faɗin shebur, zurfin santimita 15, wurin bishiyar na kai 20 saboda nan ruwa ke kwanciya, na kuma fitar masa da 'yar hanya zuwa magudanar gindin katanga. Na shimfiɗa yadin hana ciyawa, irin wanda ruwa ke ratsawa, don kada laka ta haɗiye dutsen. Tiyon Baba ya nuna mini cewa gefen ɗakin ajiya ya fi gefen bishiya tudu da santimita 31, ni kuwa shekaru ina kallon filin a matsayin shimfiɗaɗɗe. Na rage tudun, na cike kwarin, na tare gefen da jan bulo. Injiniya, ka samu rabonka: ƙarƙashin mararraba biyu na sa falalen kankare. Kwana ta koma mai guda 16, sai da na matsar da gadon fulawar uwargida, da izininta.

Rabin zagayen na daɓe. Jiya aka kwana ana ruwa, da safe na fita da fargaba, ban ga ko ɗigon da ya kwanta a kan dutsen ba. Hanifa ce mai riƙe bakin tiyo.

Tsohon Ɗan Reluwe:
Madalla, ɗana. Kada ka yi saurin zuba ƙananan na sama. Ka bar ruwa ya dake shi sau biyu ko uku, zai ɗan zauna, sai ka sake bi da tiyo ka cike inda ya lotsa. Kuma ka ajiye buhu biyu na tsakuwar a ɗakin ajiya, bayan hunturu za ka neme su. Ka gaishe mini da Hanifa, ka ce mata ta riƙe tiyon a tsaye, kada ta toshe bakinsa da yatsa.